Tsohuwar Jif ta Amurka: Tarihin Wata Gardama a Ƙasar Rano da Kibiya

Akwai wata gardama da samarin ƙasarmu ta Rano da Kibiya ba su gajiya da ita, ko a bakin tasha, ko a teburin mai shayi, ko a dandali bayan sallar lisha. Gardamar kuwa ita ce, shin tsohuwar jif ɗin nan ta Amurka, irin zungureriyar nan da aka ƙera don ɗaukar iyali, tana burgewa ko ba ta burgewa? Wasu su ce giwa ko ta tsufa giwa ce, in ta tsaya a ƙofar gida dole unguwa ta san an yi baƙo. Wasu kuwa su ce tarkace ce, Bature ya gama shan romo ya jefo mana ƙashin. Watakila mai karatu ya ce wannan ai zancen 'yan zaman kashe wando ne, bai kamata a ɓata takardar mujallar ƙungiyarmu da shi ba. To, ni ban ga haka ba. Abin da mutane ke hawa, da irin idon da ake duban wanda ya hau, tarihi ne sosai. Sa'an nan maganar ba ta tsaya a fatar baki ba, don kuwa magidanci yakan jinginar da gona ko ya sayar da shanun huɗa ya sayi irin wannan mota, saboda abin da yake zaton za a ce da shi. Shi ya sa na ga ya dace in bi sawun maganar tun daga tushe.

Kafin mu yi nisa, tun da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu dubi kalmomin. Bahaushe yana da yayi, watau abin da kowa ke rububi yau, gobe a manta da shi. Yana da gayu, wanda ya fi shafar samari da 'yammata. Yana da kwarjini, abin da ke sa mutum ya miƙe tsaye ko ya cire takalmi ba tare da an ce ya yi ba. Yana kuma da ƙarko, watau daɗewar abu yana aiki. Na lura cewa masu gardamar nan duk burgewa suke cewa, amma kowa da kalmar da ya ɓoye a ƙarƙashinta. Mai yabon jif kwarjini yake nufi, mai kushe ta kuwa ko dai yayi yake nufi ko ƙarko. Kowane ɗaya daga cikin ma'aunan nan yana da zamaninsa a ƙasarmu.

Mafi tsufa shi ne ma'aunin doki. Rano dai, kamar yadda kowa ya sani, tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta shi ake yi wa kirari da Autan Bawo, kuma a rabon ayyukan da labarin gargajiya ya yi wa 'ya'yan Bawo, ita da Kano aka kira sarakunan baba, saboda rini. Turkuɗi da baƙin da aka rina a karofi, da dawa da gero da auduga, jaki ne ya yi ta jigilarsu shekara aru-aru, shi da takarkari. Amma duk da haka ba a taɓa yi wa mai jaki faɗuwar gaisuwa don ya hau jaki ba. Girma na doki ne. Shi kuwa doki ba ya huɗa, ba a ɗora masa mangala, sai dai ci: dawa, harawa, ɗanyar ciyawa, kanwa, ga mai kula da barga, ga sirdi da likkafa da linzami da jalala. A gidan sarauta har sarauta guda aka yi dominsa, watau Shamaki. To, a nan ne asirin yake. Tsadar ciyar da doki ita ce darajarsa, don duk wanda ya gan shi a turke da ƙiba da sheƙi ya san rumbun gidan bai yi ƙasa ba. Ramammen doki kuwa ya fi rashin doki tona asiri. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu bukace ta nan gaba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, amma dogo bai bi ta Rano ba, balle Kibiya. Don haka gyaɗarmu da audugarmu sai da suka nemi hanyar zuwa bakin dogo, da farko a bayan jakai da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Ƙaramar mota kuwa ta Razdan ce da Di'o da sarki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya yi suna wajen son dawaki da wasan folo, kuma yana cikin sarakunan da suka fara rungumar mota. Wannan haɗi ba banza ba ne. Mota ta shigo ƙasar Hausa ta ƙofar da doki ke shiga, har harshenmu bai ga dalilin sauya kalma ba: ana hawan mota, ana sauka daga mota, kamar dai doki.

Abin da samari da yawa ba su sani ba shi ne, motar Amurka ba baƙuwa ba ce a Arewa. A shekarun 1940 da 1950 manyan motoci irin su Chevrolet da Pontiac da Ford suna cikin abin da sarakuna da ministoci da manyan attajirai ke hawa, saboda faɗinsu da laushinsu a kan hanyar burji mai gargada. Ke nan tun kafin mulkin kai an riga an haɗa sunan Amurka da girman jiki da ƙasaita. Sai dai waɗannan dogaye ne masu ja da ƙasa. Mota mai tsayi da ke ja da ƙafa huɗu, wadda ta fara ratsa ƙauyukanmu, ta Ingila ce, watau Land Rover, wadda aka fara sayarwa a 1948. Abin dariya shi ne ita ma jinin Amurka ce, don samfurinta na farko a kan ƙashin Jeep ta sojan Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗora shi. Landiroba motar En'e ce da gwamnati. Ita ke kawo malamin haraji da na jangali, da malamin gona, da duba-gari, da 'yan doka. Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ce in suka ji ƙugin Landiroba ta nufo gari, abin da ke fara zuwa zuciyar magidanci shi ne, wa ya yi laifi? Ba wanda ke tsayawa yaba fenti. Ashe ke nan doguwar mota ta samu kwarjininta ne gauraye da tsoro, kuma har yau akwai sauran wannan tsoro a idon talaka in ya hango baƙar jif.

Daga nan sai shekarun da suka juya kome. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a maƙwabtanmu tsakanin 1971 da 1974, aikin noman rani ya kankama a wajajen Kadawa da Kura da Bunkure. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Wannan sauyi ya ba motocin Faransa da Jamus da Amurka, masu sitiyari a hagu, damar zama 'yan gida. A 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, a farkon 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji har da ariyas, kuma a wannan shekara ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976 cikin baƙar Marsandinsa, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo 504 ta zama motar hukuma.

A nan ina so in ɗan daɗe, domin duk wanda bai fahimci matsayin Fijo a zukatan iyayenmu ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa suke yi wa jif ɗin Amurka kallon hadarin kaji ba. Fijo ta yi abin da wata mota ba ta taɓa yi ba, ta sauko da mota daga hannun sarauta zuwa hannun albashi. Hedimasta da malamin asibiti da sakataren ƙaramar hukuma, bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, suna iya cin bashin mota su sayo sabuwa fil, da ledarta a kan kujera, irin wadda kwamishina ke hawa. Kuma ta zo da siffa uku, kowace da aikinta. Ga ta ofis, ga a-kori-kura mai ɗaukar buhuna ranar kasuwa, ga kuma wagon mai layin kujeru uku, wadda ita ce motar iyali ta haƙiƙa a wurinmu. Ita ta kai amare, ita ta kai masu naƙuda asibiti, ita ta raka alhazai filin jirgi na Kano, ita ta yi jigila daga Rano ta Bunkure zuwa Karfi a hau titin Zariya a shiga birni. In ta lalace a Kibiya, a Kibiya za a gyara ta, don kowane bakanike ya haddace cikinta kamar Fatiha, kayan gyaranta kuwa ko a kan tebur ana samu. Faransa ta daina ƙera 504 ta ofis a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan haka. Wannan zamani shi ya kafa ma'auni na biyu, watau ƙarko, kuma shi ya koya wa Bahaushe tambayar da yake yi har gobe kafin ya sayi mota: akwai kayanta? Akwai mai gyaranta?

To, yanzu sai mu ƙetara teku mu ga inda ita jif ɗin ta fito, don tashin farashin man da ya cika mana aljihu a 1973 shi ne ya tsorata Amurkawa. A 1975 majalisarsu ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni su rage shan man motocinsu, amma aka sassauta wa motocin da aka lissafa a jerin ƙananan motocin ɗaukar kaya. Kamfanoni kuwa ba su yi barci ba. Suka ɗauki ƙashin motar kaya suka ɗora masa ɗaki mai kujeru masu laushi da na'urar sanyi, suka sayar wa iyali. Chevrolet Suburban dama tana nan tun 1935, sai ga Jeep Cherokee sabon samfuri a 1984, ga Ford Explorer a 1990, ga Grand Cherokee a 1992. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sun cika titunan Amurka, sun kori wagon daga kasuwa. Abin lura a nan shi ne, a can garinsu motar uwar gida ce ta kai yara makaranta da zuwa cefane. Saurayin Amurka ba ya mafarkinta, motar da aka haife shi aka ajiye shi a kujerar baya ce. Hausawa na cewa giwa a garin wani zomo ce. Wannan kuwa juyin karin maganar ne, zomo a garinsu, giwa a garinmu. Har ma a 2009, da gwamnatin Amurka ta fito da shirin biyan mutane kuɗi su miƙa tsofaffin motoci masu zuƙar mai a lalata, aka hallaka mota kusan 700,000, kuma Ford Explorer ce ta zo kan gaba a jerin waɗanda aka miƙa.

Yaya aka yi ta iso mana? Talauci ne ya share mata hanya. A wajen 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986 aka karya naira, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai aka koma sayen kwance. Yarbawa suka kira irin waɗannan motoci tokumbo, mu kuwa muka kira su da sunan inda suke sauka ko inda suke tasowa, muka ce 'yar Kwatano ko Beljiyam. Daga tashar ruwa ta Kwatano ake koro su arewa, su ƙetara kogin Kwara tsakanin Malanbil da Gaya ta Nijar, su bi ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi, su shigo ta iyaka a kai su Kano. Na farkon yawanci na Turai ne, irin su Golf da Opel da Marsandi. Na Amurka sun yawaita ne daga baya, musamman da intanet ta sa dillali yana zaune a Kano yana taya motar da kamfanin inshora ya yi gwanjonta, wadda ta yi haɗari ko ambaliya ta shanye ta. Gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin a Agustan 2019, sa'an nan juyin mulkin Nijar na 2023 ya toshe tsakanin Nijar da Binin, amma sunan Kwatano ya riga ya zauna a bakin mutane.

Ita kanta kalmar jif abin nazari ce. Sunan kamfani guda ne na Amurka, muka shimfiɗa shi a kan duk wata doguwar mota, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo, kowane ɗanɗanon miya ya zama magi. Amurka ta ba da suna, amma Japan ta cinye kasuwar. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, jif ta zama dokin 'yan siyasa, sai dai in ka duba jerin gwanon da ke tayar da ƙura a hanyar Rano lokacin kamfe, galibinsu Prado ne da Land Cruiser da Hilux. Ta Amurka da ta yi yayi na gaske ita ce Hummer, wadda asalinta motar soja ce, aka yi ta rububinta bayan fitowar samfurin H2 a 2002, kamfanin ya dakatar da ita a 2010, yayinta ya wuce kamar ruwan bazara, ta bar sunanta a jikin wata bas ta Toyota da direbobi ke kira Homa. To, mutumin da ke son a yi masa kallon da ake yi wa ciyaman amma aljihunsa bai kai Prado ba, in ya je wurin dillalai sai ya tarar da abin mamaki. Ga Explorer ko Grand Cherokee, ƙatuwa, da kujerun fata da baƙin gilashi, kuɗinta bai kai na ƙaramar Corolla sa'arta ba. A nan ne zuciya ke fara raya masa cewa ya yi tsintuwa.

Na ga wannan a gidanmu. Wani kawuna, manomin rani ne mai rufin asiri, ya sayar da albasa da tumatir wata shekara da kasuwa ta yi kyau, ya shigo gari da baƙar Explorer. Ba zan ɓoye ba, ranar ta burge ni, ta burge kowa. Yara suka bi ta da gudu, mata suka leƙo ta katanga, aka yi ta shafa ta ana sanya albarka. Ta kuma yi aiki, don a daminar nan ita kaɗai ke shiga ƙauyen kakanninmu in hanya ta jiƙe, kuma duk bikin da aka yi a dangi ita ke ɗaukar amarya, baƙin gilashinta ya dace da kunyar da ake so. Da ya kai ta wurin yayansa, watau mahaifina, don ya sa albarka, sai tsohon ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Allah ya sa alheri, ya tsare. Amma wa zai gyara maka ita?" Kawu ya ce, "Yaya, ai irin waɗannan ba su lalacewa." Mahaifina ya ce, "To, madalla." Bayan shekara biyu giyarta ta fara ƙin shiga. Giya ce mai sauya kanta, bakanikenmu na gari ya ce shi bai taɓa buɗe irinta ba. Aka ja ta zuwa Kano, aka zagaya Ƙofar Ruwa ana neman kaya, aka ce sai an aiko daga Legas, da kayan suka zo aka ce ba na shekararta ba ne. Ta dawo gida a bayan wata motar, aka ajiye ta a gindin darbejiya, aka sa duwatsu a ƙarƙashinta. Kaji suka samu inuwa. Ba wanda ya yi wa Kawu dariya a gabansa, amma na ji wata gwaggo tana cewa araha ba ta ado.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne gishirin maganar. Tsufa iri biyu ne. Akwai abin da ya tsufa a gabanka, akwai kuma abin da aka kawo maka da tsufansa. A Amurka tsohuwar jif takan bi ta wani kwari na wulaƙanci, daga shekara goma zuwa ashirin, lokacin da kowa ke ganinta tsohon yayi. Mafi yawansu a nan suke mutuwa, ko a turo mana su. 'Yan kaɗan da suka tsira, in suka kai shekara 25, jihohi da dama sukan ba su lambar motocin tarihi, sai yaran da suka girma a kujerar baya, yanzu sun zama masu kuɗi, su fara nemansu da tsada. Haka ta faru ga Grand Wagoneer mai adon katako a gefe, wadda aka daina ƙerawa a 1991, yau kuwa mai kyau daga cikinsu ta fi sabuwar mota da yawa tsada. Ba ƙarfen suke saye ba, ƙuruciyarsu suke fansa. Mu kuwa jif ɗin ta zo mana ne tana tsakiyar kwarin nan. Ƙuruciyarta a wata ƙasa ta yi ta, ba wanda ya tuna ranar da take sabuwa, ba amaryar da za ta ce a cikinta aka kawo ni shekara talatin da suka wuce. Ba ta da tarihi a wurinmu, sai girman jiki.

Motar da ke da irin wannan tarihi a ƙasarmu Fijo ce da Landiroba. In yau wani ya fito da 504 mai tsabta, da fentinta na asali, ya bi ta tsakiyar Rano, na tabbata dattawa za su tashi daga kan tabarma, kowa da labarin da zai ba da. Amma ina take? Mun kashe su da aiki. Bahaushen karkara ba ya yi wa mota ritaya. In ta gaza a hannun ma'aikaci sai ta koma haya, in ta gaza a haya sai ta koma ɗaukar itace, in ta gaza nan sai a cire injin a kai gona ko injin niƙa, gangar jikin kuwa 'yan gwangwan su auna a kan sikeli. Ban ga laifinmu ba, wanda ke neman na tuwo ba ya ajiye ƙarfe don kallo. Masu iya ajiye tsohuwar mota don darajar tsufanta su ne gidan sarauta da gwamnati. Tsohuwar Rolls-Royce ta gidan Sarkin Kano in ta fito kallo take komawa, Marsandin Murtala kuwa tana gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta. Ko da Rano ta samu sarki mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe masarautar a 2024, aka kuma maido ta da daraja ta biyu a kan Rano da Kibiya da Bunkure, abin da jama'a ke turuwar kallo ranar hawan salla bai sauya ba. Jif-jif na manyan baƙi a gefe ake jera su, ido yana kan dawaki.

Sai kuma maganar ci, wadda na ce mai karatu ya riƙe. Abin ban sha'awa ne a ce sunan garinmu yana rubuce a gidajen mai a faɗin ƙasar nan, saboda kamfanin A.A. Rano, amma hakan bai sa mutumin Rano ya sha mai da rangwame ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tankin Explorer yana cin lita 80 da 'yan kai, na Suburban ya haura 110. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Watau a lokacin, albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci ba ya cika cikin ɗaya daga cikinsu sau ɗaya. Dala kuma ta haura naira 1,500 a wannan shekara, kayan gyara duk da ita ake sayowa.

To, da wannan lissafi, hukuncina shi ne tsohuwar jif ta Amurka ta koma doki sosai da sosai, ta bar sahun Fijo. Ba ta da yayi, don samarin yanzu Lexus da Marsandi ke bakinsu. Ba ta da ƙarko irin wanda iyayenmu ke nufi, don ƙarkon mota a karkara ba a ƙarfenta kaɗai yake ba, yana hannun bakaniken da ke kusa. Kwarjini kuwa tana da shi, amma na sharaɗi ne, daidai da na doki. In ka gan ta tana tafiya, a wanke, injin na kaɗawa lafiya, na'urar sanyi na aiki, to lalle tana burgewa, har ma fiye da da, don kowa ya san abin da take ci, ya kuma san mai ita yana iya ciyar da ita. In kuwa ka gan ta a kan duwatsu, ko ana tura ta, ko mai ita yana sayen lita biyar a galan wurin 'yan bumburutu, to ramammen doki ce, tana faɗa wa duk mai wucewa abin da mai gidan ya so ya ɓoye.

Akwai dai wata 'yar Amurka da ta samu shiga ta ƙofar baya, ba wanda ke gardama a kanta. Ita ce Toyota Sienna, wadda sunanta na Japan ne amma a Amurka ake ƙera ta, don iyalin Amurka. A can ita ce ƙarshen rashin gayu. A nan kuwa ta gaji wagon ta Fijo a tashoshin mota, ita da Sharon ta Jamus, saboda kayanta na samuwa kuma bakanike ya san cikinta. Ta Kawu kuwa ba ta ƙare a gindin darbejiya ba. Bayan ta shekara uku a zaune wani bakanike daga Kano ya taya, aka sayar masa da abin da bai kai rabin kuɗinta ba. Ya zare injin da giyar ya zubar, ya dasa mata na Toyota da giyar hannu, ya cire kujerun baya. Ranar kasuwa nakan gan ta a hanyar Kibiya, an ɗaure mata buhunan masara har bisa rufi, tambarin Ford yana nan a goshinta.